Injin yankan ciyawa da ganyen rani: yadda ta kaya a gidan Goggo a Bauchi

Gidan yana tsohuwar GRA ta Bauchi, irin gidajen nan da fili ya ninka gini sau biyar. Na Goggona ne, yayar mahaifina. Tun da maigidanta ya rasu, 'ya'yanta kuma suka watsu tsakanin Abuja da ƙasashen waje, duk hidimar gidan a wuyana take: kuɗin wuta, gyaran famfo, albashin Baba mai gadi. Marigayin mutum ne mai son bishiya. Ya bar manyan maɗatai huɗu, dogonyaro tara a jikin katanga, mangwaro biyar, malaina uku, da 'yan lemun tsami a bayan kicin. A gaban falo akwai ɗan filin kiri-kiri, taku ashirin a tsaye, sha biyu a kwance, ana ba shi ruwa daga rijiyar burtsatse. Sauran filin jar ƙasa ce da tsakuwa.

Da bazara wannan inuwa ni'ima ce. Daga Disamba zuwa Maris kuwa azaba ce ga mai shara. Malaina ke fara tuɓewa, ganyenta fankama-fankama. Maɗaci ya biyo baya, sannan dogonyaro ya rufe da yayyafin ƙananan ganye wajen Fabrairu zuwa Maris, kafin ya yi sabon toho da fure. Mangwaro ba ya tuɓewa gaba ɗaya, amma kullum sai ya zubar da rabonsa. In abin ya kankama Baba yakan kwashe baro shida zuwa bakwai a rana. Ya share da safe, kafin la'asar kamar tsintsiya ba ta taɓa bi ta wurin ba.

Tun zamanin marigayi hanyar ɗaya ce, a tara a kusurwar katanga ta yamma a cinna wuta. Babu mai ganin laifi, domin duk layin haka ake yi. In ka fito sallar asuba hayaƙi ne kwance a kan titi ya gauraya da hazo. Sai dai Goggo tana da asma, ga shekaru sun ja. Tulin ganye ba ya ci da harshe ya gama irin na kara. Samansa ya kama, cikinsa ya yi ta turnuƙewa har azahar, ga ledar fiya wata da ta biskit da iska ta kwaso duk suna ciki suna narkewa. Wani dare a Disamba numfashinta ya sarƙe, abin shaƙarta bai yi mata ba, sai a asibiti muka kwana. Likitan bai ja magana ba. Ya ce ƙurar hunturu ba ta hannunmu, amma hayaƙin tsakar gidanmu yana hannunmu.

Na hana ƙonawa. Cikin kwana goma tulin ya kai mini ƙirji. Na kira yara masu kwasar shara, kowane zuwa da kuɗinsa, kuma na san inda suke kai shi: kwalbatin bayan layi, wanda in damina ta sauka mu ɗin dai zai dawo wa da ruwa. Baba kuma ya fara maganar kunama da maciji, da gaskiyarsa.

Ana cikin haka 'yar Goggo da ke zaune a jihar Mishigan ta Amurka ta turo mini bidiyo ta WhatsApp. Taubashiyata ce, don haka da tsiya saƙon ya zo: "Kai baƙauye, ga yadda mutane ke yi. Injin Babanmu yana sito yana tsatsa, kai kana nan kana shaƙa wa uwata hayaƙi." A bidiyon maƙwabcinta ne yana tura injin yankan ciyawa a kan ganyen da ya rufe filinsa, ja da ruwan ɗorawa. Inda injin ya bi, ganye ya ɓace, koriyar ciyawa ta bayyana. Ba manjagara, ba buhu, ba wuta.

Dabarar ba ƙarya ba ce. A can bishiyoyi da kaka suke zubar da ganye, wajen Oktoba da Nuwamba, sa'ad da yini ya gajarta sanyi ya ƙaraso. Tun shekarun 1990 masana ciyawa a Jami'ar Jihar Mishigan suka yi ta gwada niƙe ganyen a kan fili a bar shi a wurin, suka ga ba ya cutar da ciyawa muddin an niƙe shi da kyau bai rufe ta ba. Ɓarzajjen ganyen yana gangarawa tsakanin ciyawa, tana da sauran ƙwayoyin ƙasa su cinye shi, ya zama taki. Na karanta wannan, na gamsu, na sa aka fito da injin.

Gwajin farko

Injin na turawa ne, mai shan fetur, wuƙa ɗaya a ƙasa mai tsawon inci 21, da buhun tara ciyawa a baya. Da damina kaɗai ake taɓa shi. Na canza baƙin mai, na zuba fetur, a ja na huɗu ya tashi. Ranar Asabar ce cikin Janairu, wajen ƙarfe sha ɗaya, iska tana kaɗawa. Da yake ƙarƙashin maɗatai ganye ya fi yawa, can na nufa, na cire buhun baya kamar yadda na ga mutumin bidiyo ya yi.

Taku biyar ban ƙara ganin Baba ba, alhali yana tsaye kusa da ni. Jar ƙura ta tashi ta rufe mu, ta bi iska ta faɗa kan shanyar maƙwabta, ta shiga tagar kicin inda 'yar aiki ke tankaɗe. Ganyen ya niƙu, ba shakka, har ya fi na bidiyon laushi, domin namu ya bushe ƙayau, da taɓawa sai rugurgujewa. Amma bai zauna ba. Ba ciyawar da za ta riƙe shi, ba danshin da zai danne shi, sai ya bi iska kamar ƙaiƙayi a masussuka. Abin da tsintsiya ke iya kwashewa na mai da shi abin da ba ta iya kamawa.

Na dage, don kada Baba ya ga na karaya. Can sai na ji ƙara kamar harbi, gilashin taga ɗaya na ɗakin baƙi ya tarwatse. Tsakuwa ce. Daga baya na zauna na yi lissafin: wuƙar tana juyawa kusan sau 3,000 a minti, tsawonta santimita 53, ke nan bakinta yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa. Duk abin da ta tsinta, tsakuwa ko ƙwallon mangwaro ko ɓawon 'ya'yan maɗaci mai tauri kamar katako, da wannan ƙarfin take cilla shi. Silifas ne a ƙafata ranar, Baba ko tabarau babu. Allah ne ya tsare, gilashi ya karɓa.

Minti ashirin injin ya fara tari yana fitar da baƙin hayaƙi. Kafin in yi shawarar kashe shi, wuƙa ta sari saiwar maɗaci da ke ɓoye cikin ganye, ya mutu murus. Na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami, sau biyu ma ta fizge hannuna. Goggo ta leƙo ta ƙofar falo da gyale a hanci ta ce, "Ɗan nan, da hayaƙin da wannan wanne ne maganin?" Ban ce komai ba. Baba ya ɗauki tsintsiyarsa ya ce, "Yallaɓai, ai da ka bari na share."

Abin da bidiyon bai nuna ba

Wani bakanike mai gyaran janareto ya zo ya buɗe injin. Ya zaro matacin iska ya kaɗa shi a jikin taya, ƙasa ta zubo kusan cikin tafin hannu. Ya ce shi ya sa yake baƙin hayaƙi, iska ba ta shiga, mai ya fi ƙarfin wuta. Ya leƙa ƙasa ya warware ledoji da suka nannaɗe sandar wuƙar. Mutuwar kuma ya gano ta a sama: akwai ɗan guntun ƙarfe mai taushi, su suna ce masa ki, da ke riƙe filawil, faifan ƙarfen nan da ke juyawa a saman inji, daidai da sandar inji, wato karanshaf. Da gangan aka yi shi mai taushi, don in wuƙa ta daki abu mai tauri shi ya tsinke a madadin babban ƙarfen. Da ya goce, lokacin ba da wutar fulogi ya goce, shi ya sa igiya ke fizgar hannu. "Oga, ka yi sa'a," in ji shi. "Da karanshaf ne ya lanƙwashe, gara ka sayi wani injin."

Ya ƙara mini da abu biyu da ban sani ba. Kada a sa hannu wajen wuƙa sai an cire hular fulogi, domin juya wuƙar da hannu tamkar jan igiya ne, inji na iya tashi. In kuma za a karkata injin don a duba ƙasa, ɓangaren matacin iska ya kasance a sama, in ba haka ba baƙin mai zai gangara cikinsa da kafireta.

Wannan ya bayyana mini lalacewar inji. Wanda ya bayyana mini lalacewar dabarar shi ne wani dattijo a layinmu, tsohon malamin gona da ya yi ritaya, wanda muke haɗuwa a masallaci. Na nuna masa bidiyon a waya. Ya kalla sau biyu, ya ce in daina kallon injin, in kalli abin da ke ƙarƙashinsa.

Ƙarƙashinsa ciyawa ce a raye, cunkus, a kan ƙasa mai laima. Su mutanen can ganyensu yana zuba ne lokacin da ruwa da raɓa ba su yanke ba, sannan dusar ƙanƙara ta rufe shi, ta narke ta jiƙa shi, kafin zafi ya dawo ya ruɓe. Sanyi ke sa bishiyarsu tuɓewa. Tamu ƙishirwa ke sa ta, tana rage ganye ne don ta rage asarar ruwa. Ruwan Bauchi, kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan duka tsakanin Mayu da farkon Oktoba yake sauka. Ganyen da ya faɗi a Janairu zai yi wata huɗu bai ga ɗigo ba, kuma abin da ba shi da danshi ba ya ruɓewa, ko an niƙe shi ya zama gari. Malam ya yi dariya ya ce gawo ne kaɗai ke yi wa manomi adalci, shi da yake zubar da nasa ganyen da damina.

Sannan ita wuƙar ba yanka kawai take yi ba. Bayanta a tanƙware yake sama, tana aiki kamar fanka, tana zuƙo abin da ke ƙasa ta ɗaga shi. A kan ciyawa, ciyawa da ganye take ɗagawa. A kan jar ƙasar rani, ƙasar take ɗagawa, da duk abin da ke cikinta. Tun asali ma don lafiyayyen fili aka ƙirƙiri injin. Edwin Budding, Baturen Ingila da ya fara ƙera shi a 1830, daga na'urar aske gashin yadin ulu a masaƙa ya samo dabarar, wato abin da ke bi a kan shimfiɗa mai laushi yana daidaita ta. Irin namu mai wuƙa kwance daga baya ya zo, amma shi ma ba a yi shi don marmara ba.

Na ce to shi ke nan, a mai da shi sito. Malam ya ce a'a. Kuskurena shi ne na ɗauka injin zai maye gurbin tsintsiya. Tsintsiya tana nan daram. Abin da zai iya maye wa gurbi wuta ce. Me wuta ke yi mini? Tana mai da baro bakwai ya zama ɗan tsibin toka. Injin ma zai iya rage tulin, in na ɗauke shi a matsayin injin niƙa, na kai masa kaya inda ya dace, maimakon in bi gida da shi.

Tsarin da muka koma

Filin kiri-kiri shi kaɗai ne wurin da ya yi kama da na bidiyon, don haka ya zama masussuka. Ganyen da ya faɗi a kansa da kansa, wannan muna niƙe shi a bar shi a wurin, sau biyu a mako, tun bai yi kauri ba. Ma'aunin da Malam ya ba ni mai sauƙi ne: bayan injin ya wuce, in kana ganin ciyawa fiye da ganye, ya yi, in ganye ya rufe ta, ka sake bi ko ka kwashe. Sai a bi da tiyo a danne shi da ruwa nan take, kafin iska ta taso.

Na sauran gidan kuwa Baba yana sharewa yadda ya saba, sai dai da manjagara yake ɗiba ya zuba a baro, ba da shebur ba, don tsakuwa da ƙasa su zauna a ƙasa. Ana tsince leda, ƙwallon mangwaro, reshe da ɓawon maɗaci. Wannan tsincen shi ne aikin da ya fi cin rai, kuma shi ne wanda in aka yi masa ha'inci ake gani a jikin wuƙa. Da yamma a baza ganyen a gefen filin ciyawa mafi nisa da tagogi, layi-layi, kaurinsa kada ya wuce taƙi ɗaya, a yayyafa masa ruwa a bar shi ya kwana.

A nan muka ɗan sha wahala kafin mu gane ma'auni. Ranar farko Baba ya jiƙa shi sharkaf, injin ya yi ta cushewa, ganye ya manne a cikin murfi kamar tuwo. Wata rana kuma aka yi rowar ruwa, ƙura ta dawo. Daidai ɗin shi ne ganye ya yi sanyi ya daina ƙara in an taka, amma in ka damƙa kada ruwa ya fito.

Da sassafe ake aikin, bayan an fito masallaci gari ya ɗan waye, kafin iska ta tashi, tagogin Goggo a rufe. A ɗaga tayoyin injin zuwa matakin sama, a cire buhu, a bi layin a hankali, rabin faɗin injin a kan ganye rabi a kan ciyawa, don kada ya shaƙe. Sai a sauke mataki ɗaya, a maƙala buhu, a sake bi. Zagaye na biyun shi ke kwashewa. Ba yaro a filin, ba akuya, mai turawa da takalmi rufaffe da dogon wando da tabarau da takunkumi. Baba ya ƙi takunkumin da farko, wai rawaninsa ya isa, sai da ya yi kwana biyu yana kakin jar majina. In an gama ba a ajiye injin a kan busasshen ganye, domin salansa tana yin zafin da za ta iya kunna shi, kuma a wannan watan ba a wasa da tartsatsi.

A namu awon, baro bakwai na ɗanyen shara yana komawa baro ɗaya da ɗan ɗori. Dogonyaro da malaina suna zama kamar dusa. Maɗaci ya fi su gardama kaɗan. Mangwaro shi ne ɗan taurin kai, ganyensa kamar fata, sai dai ya yayyage ba ya niƙuwa.

Ina za a kai dusar? Mun haƙa ramuka biyu a kusurwar da ake ƙonawa a da, kowanne zurfin gwiwa da ɗan ƙari, nesa da katanga. Malam ya ce ganye shi kaɗai ba zai yi sauri ba, domin kafin bishiya ta saki ganye sai ta janye yawancin abincin da ke cikinsa. Abin da ya rage kabon ne mai yawa, naitirojin kaɗan, kamar kashi 60 da ɗaya, su kuwa ƙwayoyin da ke ruɓar da shi sun fi son wajen 30 da ɗaya. Maganin shi ne kashin kaji. Muna sayo shi buhu-buhu daga wani gidan kaji a hanyar Dass. Baro uku na dusar ganye, rabin baro na kashin kaji, ɗan barbaɗin ƙasa, ruwa, a sake jerawa haka har rami ya cika, a rufe da tsofaffin buhuna da tabarma. Kwana huɗu Baba ya tura hannu ya zaro da sauri, ya ce, "Ikon Allah, wuta ba hayaƙi." Duk mako biyu ake juyawa da shebur a ƙara ruwa.

Wani kaso kuma muka zuba kai tsaye a gindin lemun tsami, kaurin yatsu huɗu, aka bar tazarar tafin hannu daga jikin itacen, aka ɗora 'yan rassa don iska. Bayan mako uku gara ta shiga. Na ruga wurin Malam a tsorace, ya ce in bar ta ta yi aikinta. A ƙasarmu da rani gara ce ke yin abin da tana ke yi a can, tana jan ganyen cikin ƙasa, tana huda hanyoyin da ruwa zai bi. Ya ba ni labarin Yakuba Sawadogo, manomin nan na Burkina Faso da aka ba lambar yabo ta duniya a 2018, wanda ya farfaɗo da matacciyar ƙasa ta hanyar zuba taki a ƙananan ramuka don ya jawo gara. Na yarda, amma na sa aka kwashe wanda ke kusa da bangon kicin. Rufin gidan nan katako ne, ba na son in gwada ilimin Burkina a kansa.

Lissafi da abin da bai tafi daidai ba

Wannan duk a ranin farko ne bayan cire tallafin mai na ranar 29 ga Mayu 2023, don haka kowace lita da ciwonta. Aiki sau biyu a mako, kowanne kimanin minti arba'in, yana cin kusan lita ɗaya da rabi a mako. Ko da lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, bai kai abin da masu kwasar shara ke karɓa ba. Amma fetur ba shi ne duka kuɗin ba. Matacin iska muna kakkaɓe shi bayan kowane aiki, kuma sai da muka canza shi sau biyu a rani ɗaya. Baƙin mai da littafin injin ya ce ya yi awa 50, mu ba ma bari ya kai rabin haka, domin ƙura na shiga. Wuƙa ta dakushe sau biyu, aka kai wa mai walda ya wasa, kuma dole a wasa ɓangarorin biyu daidai, in ɗaya ya fi nauyi injin ya dinga rawa ke nan. Ga kashin kaji, ga wutar da ke jawo ruwa. Ga gilashin taga, wanda taubashiyata ta ƙi biya duk da ita ta jawo.

Akwai kuma abin da ban hango ba ko kaɗan. Mako biyu da hana ƙonawa na lura Baba ya canza, gaisuwa ma daƙyar. Sai 'yar aiki ta tsegunta mini. Ashe wutar nan ba shara kawai take ci ba. Ita ce wurin jin ɗuminsa bayan ya kwana a bakin ƙofa cikin sanyin Janairu, kuma nan masu gadin layin ke taruwa su ɗora shayi. Na kashe masa majalisa ban sani ba, shi kuma kunya ta hana shi faɗa. Na je na same shi na ce, "Baba, ai da ka gaya mini." Ya ce, "Yallaɓai, lafiyar Hajiya ta fi." Muka sayo masa kasko da gawayi, aka ware masa busassun rassan da ake tsincewa, aka mai da majalisar wajen ƙofa ta gabas, nesa da ɗakin Goggo, a fili inda iska ke wucewa. Da na fara da tambayarsa tun ranar farko, da ban fasa gilashi ba ma, domin ya san inda kowace saiwa da tsakuwa take a gidan nan.

Ramin farko ya nuna cikin kusan wata uku, baƙi, mai ƙamshin ƙasar farkon damina, sai guntayen ganyen mangwaro da ke nan kamar jiya aka zuba, waɗanda muka tankaɗe da raga muka mayar. Na biyun ya ba mu kunya. A Maris da Afrilu ruwan rijiyar ya ja baya, aka fifita sha da wanka, ramin ya bushe ya tsaya cak har sai da ruwan Mayu ya sauka. Ni kuma da gaggawa na ɗebi wanda bai gama nuna ba na cuɗa shi da ƙasa a kunyar masara ta bayan gida. Masarar ta fito rawaya, a tsumure. Malam ya duba ya ce ƙwayoyin da ke cin ganyen ne suka ƙwace naitirojin ɗin ƙasar don su ƙarasa aikinsu. Ɗanyen ganye a sama ake shimfiɗa shi, ba a binne shi wurin saiwa. Sai da muka bi ta da ɗan yuriya ta farfaɗo. Alayyahu da kuɓewar da suka samu takin ramin farko kuwa sun yi kyan da har Goggo ta aika wa maƙwabta.

Filin kiri-kiri bai lalace ba duk da zaman masussuka da ya yi, in ban da gefen da ake baza ganye, wanda ya ɗan yi fari, shi ya sa yanzu muke sauya wuri duk mako. Gindin lemun tsami kuma yana riƙe laima kwana ɗaya ko biyu fiye da da.

Game da Goggo, ba zan ɗora wa inji abin da ba nasa ba. Hazo yana nan, maƙwabta biyu suna nan suna ƙonawa, maganinta yana nan tana sha. Abin da zan iya cewa shi ne hayaƙin da ke tashi taku talatin daga tagarta ya daina tashi, kuma ba mu sake kwana asibiti a ranin ba.

Mutum uku a layin sun tambaye ni ko su sayi injin. Biyu na ce musu kada su saya. Ɗaya tsakar gidansa siminti ne da bishiya biyu, rami ɗaya da haƙuri sun ishe shi, ganye zai ruɓe da damina ko ba a niƙa ba, lokaci kawai zai ɗauka. Ɗayan ba shi da ruwa sai na 'yan garuwa, kuma wannan aikin ba ruwa ba ya yiwuwa, ƙura kawai zai saya da kuɗinsa. Na ukun yana da filin ciyawa da rijiya da injin da ke zaune wata bakwai a shekara ba aiki, kamar mu. Shi na tura masa Baba ya nuna masa.

Bana mun haƙa rami na uku, ba a kusurwar yamma ba, a ƙarshen magudanar da ruwan alwala da na wanke kayan miya ke bi, shawarar Baba ce. Ganyen mangwaro kuma an ware masa nasa tsibin a gindin katangar baya, ba ma ɓata fetur a kansa.